Mu da Ruwan Kanal, Su da Ruwan Olamfik

Ku matso, 'yan uwa, ke ƙawalli janyo tabarmar nan kusa, maganar ba ta ɗaga murya ba ce. Jiya da daddare ƙanena ya miƙo mini waya yana ƙyalƙyala dariya, wai "Yaya, zo ki ga ɗan uwanki a iyo." Na karɓa da niyyar in ranƙwashe shi, sai ga ni zaune daɓas ina maimaita kallo har sau uku, tuwona ya huce.

Wani saurayi ne ɗan ƙasar Ikwatoriyal Gini, Eric Moussambani, a gasar Olamfik ta birnin Sidni, shekarar 2000. Su uku aka jera a tseren mita 100: shi, da wani ɗan Tajikistan, da maƙwabcinmu na Nijar, Karim Bare. Tun ba a ba da alama ba biyun nan suka yi tsalle, tsundum cikin ruwa. Dokar kuwa ba sani ba sabo, ka riga alama an cire ka. Wayyo Karim! Ku duba fa, bawan Allah ya keta hazo tun daga Nijar har Ostareliya, wando kawai ya jiƙa aka ce fito. Da ni ce, wallahi a bakin ruwan zan zauna in yi ta rusa kuka sai an kira mini Inna, hhh.

Sai ya rage Eric shi kaɗai, ga dubban idanu a kansa. Watanni kaɗan ke nan da ya fara koyon iyo a ɗan tafkin wani otal a Malabo, bai taɓa ganin tafki mai tsawon mita 50 ba sai da ya zo Sidni. Zuwa dai ya je lafiya. A dawowa ne hannu ya yi nauyi, kai na jujjuyawa, ƙafa ta daina jin magana, har mutane suka miƙe tsaye suna masa tafi da ihu. Ya taɓa bango a minti 1 da daƙiƙa 52.72. Ɗan Holan ɗin da ya ci zinare, Pieter van den Hoogenband, daƙiƙa 48.30 ya yi. Wato da tare suka faɗa, da Baturen ya fito ya goge jiki ya saka riga, Eric na can yana fama. Amma ni dariyar ta maƙale mini a wuya, don na san wannan dawowar, kuma ku ma kun san ta, kada wadda ta yi mini fuska.

Kun tuna bazara, lokacin da ake ɗibar tumatir ana kai kwanduna Kwanar Gafan, a aike mu gona da ƙwaryar fura? Ga rana kamar ta dafa mutum, ga ruwan Tiga na gangarowa ta kanal, sanyi ƙalau, yana wucewa gonakin Kadawa da Kura. Wa zai iya? A ajiye fura a inuwa, a ɗaure zani a ƙirji, sai iyon kare, hannu na daddaɓe ruwa, baki na sha. Rannan na ce sai na haye babban kanal kamar yadda maza ke yi. Ina kaiwa tsakiya sai na ga ɗaya gaɓar tana ta guduna, ruwa na jana ƙasa, simintin gefe duk gansakuka, ka kama ya zame. Ke da kika miƙo mini karan dawa, har gobe ina riƙe da alherinki, Allah ya bar zumunci. Muka koma gida ido jajir, fata fari fat, Inna ta shafa kitsona ta ji shi sharkaf ta ce, "Furar ce ta yi miki wanka?" Kai, ranar na sha tsumagiya!

Ga tsargiya kuma, da yaran unguwa ke fitsarin jini ana cewa wai girma ne ya zo, ashe katantanwar ruwan ce ke ɗauke da cutar. Allah dai ya rufa mana asiri, hmm.

To ku ji abin da ya faranta mini. A Olamfik ta Tokiyo, 2021, wata yarinya 'yar Najeriya, Abiola Ogunbanwo, ta gama wannan mita 100 ɗin a daƙiƙa 59.74. Ƙasa da minti ɗaya, 'yan uwa! Mu a minti ɗayan nan ko ɗaurin zani ba mu gama ba. Shi ma Eric bai yi zuciya ba, a 2012 aka ba shi horar da 'yan ninƙayar ƙasarsu. Sai nake tunanin yaran nan namu da ke dirgowa daga kan gada kamar kifaye, ba mai koya musu, ba mai riƙe musu agogo, sai mu da ke bin su da bulala.

Ni dai roƙona, in kun ga nawa a bakin kanal ku sa masa ido, in an sako ruwa da ƙarfi ku koro mini shi gida. Labarin karan dawar nan kuwa, don Allah ya tsaya a tabarmar nan, har yau Inna ta ɗauka santsi ne ya kwashe ni.