Kafin ka ɗora sola a kan kwano

'Ya'yana na Nima da Maamobi, yanzu duk wanda 'yan sidi suka shigo hannunsa sai zancen sola. Ban ga laifinku ba. Wanda ya sha dumsor, wato yawan ɗauke wuta, na 2015, kifi ya ruɓe masa a firij, tela ya yini hannu a haɓa, dole ya so wutar da ke ƙarƙashin ikonsa.

To amma ku dubi gidajenmu. Yawancinmu 'yan haya ne, ɗakuna jere a tsakar gida guda, kwano kuma na mai gida. Zai yarda a huda masa rufi?

Wanda yake da gidansa, ya kiyayi batir, don nan kuɗi ke nutsewa. Da yake kasuwar kayan mota ta Abossey Okai na kusa, sai yaro ya sayo tsohon batirin mota ya haɗa da farantin sola. Batirin mota kuwa an ƙera shi ne ya tayar da inji cikin daƙiƙu kaɗan. In ana tsotse shi kowane dare da fanka da talabijin, ba ya daɗewa ya mutu. A sayi wanda aka yi don sola, in hunturu ya shigo kuma a riƙa goge ƙurar farantin.

Farantin kan ɗaki zai ba ka fitila da fanka da cajin waya. Mai walda da mai injin niƙa kuwa sai wutar layi. Tun 1965 madatsar Akosombo ke ba ƙasar nan wuta, aka ƙara madatsar Bui a 2013, shekarar da hukumar VRA ta buɗe gonar sola a Navrongo. Mun ga yadda ruwan Akosombo ya ja baya a 1983 da 2007, muka zauna cikin duhu. Amfanin babbar gonar sola ke nan: rana ta yi aiki da yini, a tanadi ruwan madatsa don dare. Wannan wuta ita ke isa ɗakin gwauruwa ta mitar kamfanin ECG ba tare da ta sayi batir ba, kuma wannan gwauruwar ce nake tunawa da ita kullum.

Don haka ku daina jan waya ta bayan mita. A unguwarmu taransifoma ke ƙonewa, mu ke kwana da zafi. In masu neman ƙuri'a sun shigo Zango, ku tambaye su yaushe za a sauya tsofaffin wayoyin layinku.