Mako Guda Ina Kulle Kwamfutata

Litinin
An sace kwamfutar abokiyar aikina a cikin adaidaita sahu. Ba kuɗin na'urar ne ya hana ni barci ba, abin da ke cikinta ne: sunayen majinyata, lambobin wayarsu, sakamakon gwaje-gwajensu. Tawa ma cike take da irin wannan amanar. Na ce wa ƙanena mai gyaran kwamfuta ai ni na sa kalmar sirri. Ya girgiza kai ya ce, "Yaya, in na zare faifan na jona shi a wata na'ura, komai zan karanta, ko tambayata ba za ta yi ba."

Talata
Na kwashe komai zuwa faifan waje. Ƙanena ya ce kada in fara kulle kwamfutar sai na yi haka.

Laraba
Bayan la'asar muka kunna BitLocker, manhajar kulle faifai, tunda Windows Pro ce a kan kwamfutata kuma tana da TPM, ɗan guntun da ke riƙe mabuɗi a jikin allon na'urar. Ta tambaya ko wurin da ke da bayanai kaɗai za a kulle, ko faifan gaba ɗaya. Na zaɓi gaba ɗaya, domin abin da na goge tun bara yana nan kwance, mai nema zai iya tono shi. Tun kafin nan ta ba ni mabuɗin ceto, lambobi 48, shida-shida har rukuni takwas. Na rubuta su da biro, na karanta wa ƙanena sau biyu yana duba allo, sannan na ninke takardar na sa a akwatin da takardun gida suke. In na'ura ta nemi lambobin nan babu su, bayanan sun tafi ke nan har abada.

Alhamis
Aikin kullewar bai kai rabi ba aka ɗauke wuta, batir ya mutu. Gabana ya faɗi. Da wuta ta dawo na kunna, ta ɗora daga inda ta tsaya. Alhamdu lillahi.

Asabar
Ƙanena ya sauya saitin tashin na'urar da gangan don mu gwada. Shuɗin allo ya fito yana neman mabuɗin. Na ɗauko takardar, hannuna na rawa na shigar da lambobin, ta buɗe.

Faifan wajen da na kwashe komai a kai ranar Talata har yanzu a buɗe yake cikin jakata. Shi zan kulle gobe in Allah ya kai mu.