Zuwa ga gidan abincin da ke gangaren masallacin Tibilisi

Ina sanar da kai cewa na dawo Jojiya, na je inda na bar ka, ban same ka ba.

Unguwar tana nan yadda take. Warin ƙibiritu na tashi daga gidajen wanka na Abanotubani, ganuwar Narikala na bisa tudu, masallacin jan bulo kuma har yau Sunni da Shi'a na sallah a cikinsa tare, kamar yadda suke yi tun da aka rushe na 'yan Shi'a a zamanin Tarayyar Sobiyet. A da, daga sallar Juma'a nake gangarowa wurinka. Yanzu ƙofarka ta koma gilashi, ciki matasa ne kowa da kwamfuta a gabansa da kofin gahawa. Mai sayar da rumman a kusurwa ya ce haya ce ta kore ka. Ban yi mamaki ba. Tun da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022 Rashawa suka kwararo garin nan, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo, mai sayar da wake a tukunyar ƙasa kuwa ina zai iya?

Kada ka ɗauka abincin na rasa. Haca-puri na ko'ina a Tibilisi, har da irin na Ajariya mai siffar kwale-kwale, cuku na tafasa a ciki, a fasa ƙwai a sa man shanu. Na ci jiya a wani wuri mai kyau, ban kushe ba. Burodin shoti ma ana ta liƙa shi a jikin tanderun ƙasa, yadda matan Kano ke gasa gurasa.

Tsohuwar da ke madafarka nake cigiya. Ran da na fara shigowa ta ga hulata, ta dubi carbin da ke hannuna, ta girgiza kai ga yaron da ya nufo ni da hinkali, ƙullin fulawar nan mai nama a ciki. Ashe na cikin gari da naman alade ake gauraya shi. Ta koma ciki ta ƙulla mini nawa dabam, na cuku da na naman kaza, a tukunya dabam, ba mu da yare ɗaya ni da ita. Ita ta ƙwace cokali mai yatsu daga hannuna, ta nuna mini a kama ƙullin ta wuya, a ɗan ciza gefe, a tsotse romon kafin ya bi gwiwar hannu, a bar kan a faranti. Da maƙwabtan tebur suka miƙe shan giyar inabinsu ana dogon jawabi, sai ta dire mini koren lemon nan na tarhuna don kada in tsaya hannu wofi. Ka san mutanenka da jawabi, sai abinci ya huce.

Jiya kuwa, a wurin da na ci haca-puri, sai da na bi ma'aikaci da tambaya kan kowane kwano, yana duba waya yana cewa "wataƙila". Ba laifinsa ba ne, bai san ni ba.

In ka sake buɗewa a Didube ko Gildani, can inda haya ke da dama-dama, ka bar saƙo wurin mai rumman. In kuma tsohuwa ta koma ƙauye, a ce mata Bahaushen nan ya iya cin hinkali yanzu, rigarsa ba ta ɓaci.

Naka,
mai hula