Taron masu saƙa a Adar



Duk wanda ya san Adar ya san abin da ke biyo bayan kaka. Da an ɗaure dammunan hatsi an sa a rumbu, sai tashar Tawa ta cika. Samari da magidanta su kama hanyar cin rani, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya ko Aljeriya. A garuruwa irin su Barmu da Kalfu da Afala da Takanamat, mata da yara da tsofaffi ne ke tsaron gida. A daidai lokacin nan ɗari ke sauka. Watan Disamba da Janairu iska na busowa da ƙura, da asuba ruwan tulu ba shi taɓuwa. Lokacin nan muke buɗe ajin yaƙi da jahilci, kuma lokacin nan ne mata ke fiddo tsinken saƙa da ulu daga cikin kwalla.

Ni malamar manya ce, kuma ina saƙa. Ban cika yin ta ni kaɗai a ɗaki ba. Ina yin ta cikin taron mata bayan la'asar, ina yin ta a layin awon jarirai, ina yin ta a gidan biki kafin a sauke tukunya. Akwai masu cewa irin wanga zama gulma ce kawai aka lulluɓe da zare. Da su nake so mu yi magana yau, cikin girmamawa.

Mu fara da tambayar kakanninmu. Can da, in an ci tuwon dare, mata da ƴan mata sukan taru gida guda da fitilar aci-bal-bal. Wannan na gurzar kaɗa, waccan na shiɓa, saura na murza mazari. Sukan shafa alli ga yatsu don zare ya yi daɗin murzawa. Zaren da sunka kaɗa a kai wa masaƙi, shi saƙa sawaye, a ɗinka zane ko gwado. A wurin nan yarinya ke jin tatsuniya, a nan take koyon yadda ake zama da mutane. Da yadin kamfani da gwanjo sunka cika kasuwa, sai mazari ya kwanta. Saƙar tsinke da ta kwarashi baƙi ne, daga Turai sunka zo, sunka yaɗu ta gidajen koya wa mata sana'a da ke birane. Ulun ma mafi yawansa ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne na kamfani. Amma zaman da ake yi dominsa namu ne tun na kaka da kakanni. Kayan aiki ne sunka sake.

Ga yadda namu taron yake. Muna zama gidan wata tsohuwa da unguwa duka ke girmamawa. Kowa ta zo da tabarmarta da aikinta. Ba a koyon saƙa da baki. Sabuwar zuwa sai ta zauna kusa da gwana, kafaɗa da kafaɗa, tana kallon yatsunta. In ƙulli ya kuɓuce, ba ta rasa mai tsamo mata shi. In aiki ya karkace, a warware a sake, a yi dariya. Guntayen ulun da sunka rage ba a yar da su. Ja daga wannan, shuɗi daga waccan, sai ga safar jariri ta fito. Ran Lahadi, ranar kasuwar Tawa, macce ɗaya ko biyu ke zuwa su sayo ma kowa, don sari ya fi sauƙi bisa ga sayen ɗai-ɗai. Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka.

Yanzu ga abin da ya shafi aikina. Saƙa lissafi ce tun daga farko har ƙarshe. A ce za ki saƙa hular jariri da ƙulli 60. In kin kai kusa da tsakar kai sai an rage, in ba haka ba hula ta zama jaka. Sai ki raba 60 gida 6, kowane gida 10. A ƙarshen kowane gida ki haɗa ƙulli biyu su zama ɗaya. Layi na gaba ya koma 54, na bayansa 48. Matan da ba su taɓa shiga lakkol ba suna yin wanga lissafi a ka, ba kuskure. Wasu na ƙirga layi da tsakuwa, wasu na zana gawayi ga bango. Wahalar ita ce in yaro ya yi kuka, ko akuya ta kwance, ƙirga ta ɓace.

Wata dattijuwa da ta daɗe tana ƙin shiga aji, tana cewa karatu na yara ne, ita ce wata rana ta miƙo mini guntuwar takarda. Ta ce: "Ɗiyata, rubuta mini sittin ɗin nan in gan shi da idona, na gaji da mantuwa." Na ce: "To, Inna, amma ke za ki rubuta da hannunki." Na kama hannunta munka zana 6, munka zana sifiri. Kafin damina ta faɗi tana rubuta lambobi har 100, tana rubuta sunanta. Takan ce allin da uwarta ke shafawa ga yatsa ne ya dawo mata ta wata hanya.

Daga ƙirgar ƙulli sai a wuce ga ƙirgar kuɗi, inda ake cutar wanda bai iya ba. Mu da dala muke ƙirga, amma takardar kuɗi da faran take magana. Takardar da anka rubuta ma 500 ita ce dala ɗari, mai 1000 ita ce jikka. Macce mai saida hula tana bukatar ta san nawa ta kashe ga ulu, nawa ta saida, mi ya rage. Da dama sun gane cewa suna saida aikin kwana uku a bakin kuɗin ulu, ranar da sunka fara rubutawa. Sauran riba kuma a zuba adashi, irin tsarin Mata Masu Dubara da ya faro a jihar Maraɗi cikin 1991 ya bazu har ƙasashen waje.

Akwai wani amfani wanda ba a rubuta shi ga allo. Rani na da tsawo ga matar da mijinta ke nesa. Yau ana aiko murya ta salula, amma ba kowace rana ake aikowa ba, kuma ba kowa ke aiko kuɗi ba. Macce takan yi wata uku ba labari, kunya kuma ta hana ta faɗi. A cikin taro ba a tambayar ta. Ana dai lura da wadda ta daina sayen ulu, ko wadda ɗanta ya zo ba rigar sanyi. Sai mai ciniki da yawa ta ce: "Yaya, taimake ni da hula biyu, aiki ya yi mini yawa." Ta biya ta ladan hannunta. An share hawaye, ba a zubar da mutuncin kowa ba.

Shin ba a gulma ke nan? Ana yi wani lokaci, kamar yadda ake yi a bakin rijiya da wurin daka da majalisar maza. Maganinta shi ne babba a cikin taro mai cewa a bari. Amma ku duba da kyau. Malami ko almajiri shina zama gindin bedi a bakin hanya shina ɗinkin hula, ana hira, kowa na ce masa sannu da aiki. Matan Adar kuwa ba yau sunka fara aiki tare a fili ba. Da aikin farfaɗo da ƙasa na Keita ya soma cikin 1984, mata ne mafi yawan waɗanda sunka ɗauki duwatsu bisa kai, don maza na cin rani. Wadda ta tare kwari da dutse ba a ce mata malalaciya don ta zauna da tsinke.

A ƙasashen Turawa har rana sunka ware. Tun 2005, ran Asabar ta biyu ga watan Yuni, masu saƙa na fitowa lambuna da dandali su yi aikinsu a gaban jama'a, don su san juna. Mu a watan Yuni idonmu na ga sama, hannunmu na ga iri da kwashe. Namu lokaci shi ne ɗari, kuma ba rana ɗaya ba ce, wata uku ne.

Saboda haka ina roƙon ƴan uwana malaman yaƙi da jahilci: in macce ta zo aji da saƙarta, kada a ce ta ɓoye. A fara darasin lissafi daga ƙullin da ke hannunta. Magidanta masu shirin tafiya, ku bar ma iyalinku izinin zuwa taro, ku bar kuɗin dunƙulen ulu ko biyu. Iyayenmu surukai, ku zo ku zauna da mu, ku ne za ku tsare mana ladabin wurin. Wadda kuma ba ta iya ba, ta zo da tabarma kawai, za a ara mata tsinke.

Allah shi maido da matafiyanmu lafiya, shi ba mu damina mai albarka. Amin.