Tafin Hannun Baffa

A ƙarshen watan Afrilu na 2004 ina da shekara 24, ina koyon aiki a wata ƙaramar jaridar Hausa ta mako-mako a Kano. Aikina shi ne in je shagon intanet, in kwaso labaran ƙetare, in dawo ofis in fassara. A can na fara ganinsu. Intanet ɗin wancan zamani tafiyar hawainiya yake yi, hoto sai ya riƙa saukowa daga sama kaɗan-kaɗan. Wani baƙin buhu mai tsini ne ya fara bayyana, sai kafaɗu, sai hannaye biyu a ware da wayoyin lantarki a jikinsu, can ƙasa kuma ga kwalin da mutumin yake tsaye a kai. Hoto na biyu, maza ne tsirara an jibga su a kan juna, sojojin Amurka biyu, namiji da mace, suna tsaye a bayansu suna murmushi. Kurkukun Abu Guraib ke nan, yamma da Bagadaza, inda Saddam Husaini ya daɗe yana azabtar da mutane kafin Amurkawa su gaje shi.

Da kuɗin aljihuna na sa aka buga mini su a takarda. Na kai wa editanmu jikina yana rawa, na ce, "Ranka ya daɗe, ga shafin farko." Ya sa tabarau ya dube su, sannan ya kife takardun a kan tebur. Ya ce labari za mu buga shi kaf, amma hoto ba da hannunsa ba. Dalilinsa biyu: ba zai sa tsiraicin bayin Allah a takardar da za a ƙulle ƙosai da ita ba, kuma gari ya ɗau zafi. A makon nan ne aka yi kisan Yelwa a jihar Filato, maganar ke nan a kowace majalisa. Na fita ofishinsa ina ganin tsoro ne kawai ya kama dattijo. Ranar 11 ga Mayu rikici ya ɓarke a Kano. Yelwa ce sanadi, ba hotunan Iraƙi ba, amma a kwanakin nan na ga abin da fushi yake yi wa gari, kuma ban sake kiran editan nan matsoraci ba.

Abin da ya fi zauna mini a rai a gida ya faru. Bayan sallar magariba na nuna wa Baffa, ƙanin mahaifina, a zaure. Bai yi boko ba, bai san inda Bagadaza take a taswira ba, sunanta kawai ya sani a littattafai. Ya matso da fitilar ƙwai, ya dubi hoton mazan nan. Nan take ya ɗora tafin hannunsa ya rufe al'aurarsu, ya bar fuskokin sojojin a buɗe, su ya tsaya yana kallo. Can ya ce, "Waɗannan bayin Allah, an tambaye su kafin a yaɗa su duniya?" Na ce a'a, Baffa. Na miƙa hannu zan yayyage takardar, ya riƙe ni. Ya ce, "Kul. Adana ta, shaida ce."

Shaida ce kuwa. Daga baya na gane cewa magana ta riga hoto fitowa, ba wanda ya motsa. Tun watan Janairu wani soja, Joe Darby, ya miƙa wa masu bincike faifan hotunan, rundunar sojan Amurka ta sanar a taƙaice cewa tana bincike, aka wuce. A Fabrairu ƙungiyar Red Cross ta rubuta wa hukumomin mamaya rahoto, a ciki har jami'an leƙen asirin soja sun shaida mata cewa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na waɗanda aka tsare bisa kuskure aka kama su. Janar Antonio Taguba ya kammala nasa binciken. Duk suna cikin aljihun tebur. Sai da tashar CBS ta nuna hotunan ranar 28 ga Afrilu, sannan kwana 9 bayan haka Donald Rumsfeld, sakataren tsaro, ya zauna gaban majalisa yana ba da haƙuri. An hukunta sojoji 11. Charles Graner ya sami shekara 10, Lynndie England 3, aka rage wa Janar Janis Karpinski muƙami. Hukuncin bai hau sama ba, kuma wannan yana ci mini rai har yau, amma ko wannan ɗin ba don hotunan ba da ba a yi ba.

Akwai sauran hotuna masu yawa, daga Iraƙi da Afganistan, ana maganar kimanin 2,000. Ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta ACLU ta kai ƙara, a 2005 alƙali Alvin Hellerstein ya ce a saki na farko a cikinsu, a rufe duk abin da zai sa a gane mutanen. Aka yi ta ɗaukaka ƙara. A Afrilun 2009 gwamnatin Obama ta ce za ta sake su, a watan Mayu Obama ya janye, ya ce za su rura wutar ƙin Amurka su jefa sojoji cikin haɗari. A rediyo na ji labarin, gabana ya faɗi, domin kusan hujjar editana ce. Kuma ba hujjar banza ba ce: waɗanda suka yanka Ba'amurke Nick Berg a Mayun 2004 sun ce ramuwar Abu Guraib suke yi.

Na daɗe ina juya maganar kafin in ga inda hujjojin biyu suka rabu. Editana ba shi ya tsare mutanen ba, bai kuma ɓoye wa kowa komai ba, labarin ya buga shi. Ita kuwa Pentagon, ma'aikatar tsaron Amurka, yaranta ne a cikin hotunan, ita ce kuma take yanke abin da za a gani. A ƙarshen 2009 majalisa ta yi doka ta ba sakataren tsaro ikon riƙe su, Robert Gates da ke kan kujerar a lokacin ya sa hannu, waɗanda suka biyo bayansa suka sabunta. A Fabrairun 2016 aka saki 198, yawancinsu hotunan ƙujewa ne da tabo a hannu ko ƙafa, ba ka ganin wanda ya yi. Suturar da aka yi a nan ta mai laifi ce. Ni abin da na tsaya a kai shi ne abin da hannun Baffa ya yi: a rufe fuska da al'aurar wanda aka zalunta, a nemi yardarsa in yana raye, sauran kuwa a buɗe kowa ya gani.

A Nuwamban 2024 masu taya alƙali yanke hukunci a jihar Virginia suka ce kamfanin CACI, wanda ya kai masu yi wa fursunoni tambayoyi Abu Guraib, ya biya wasu Iraƙawa uku dala miliyan 42. Ɗaya daga cikinsu, Salah al-Ejaili, ɗan jarida ne na Aljazeera lokacin da aka kama shi. Shekara 20 suka yi suna jira. A daren na buɗe tsohuwar adakata na ɗauko takardar. Ta yi ja, gefenta ya tsufa. Baffa ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Ƴar farar takardar da na manna da gam a wurin da ya ɗora hannunsa tana nan ba ta ɓare ba, sojojin nan biyu kuma suna samanta, suna murmushi.