Tsohon Osiloskop da Zaren Dalmarsa

Mu da muka yi karatun kimiyyar lantarki a lokacin da sababbin na'urori ke shigowa tsofaffi na komawa sito, mun samu wata gata da ba mu san darajarta ba sai daga baya. Mun ga cikin osiloskop mai kwalabe da idanunmu. Osiloskop, ga wanda bai sani ba, na'ura ce da ke zana hawa da saukar ƙarfin lantarki a kan gilashi, har mutum ya ga abin da ido ba ya iya gani a cikin waya.

Asalin abin tsoho ne. A shekarar 1897 Bajamushe Karl Ferdinand Braun ya ƙera doguwar kwalba da aka zuƙe wa iska, inda ake harba ƙwayoyin lantarki su bugi fuskar da aka shafa wa sinadari mai haske. A kan wannan tushe aka gina sauran. Faranti biyu na jan ɗigon hasken sama da ƙasa gwargwadon lantarkin da ake aunawa, wasu biyu kuma na jan sa daga hagu zuwa dama, ya koma da sauri ya sake farawa, tamkar haƙoran zarto.

Matsalar na'urorin farko ita ce hoton ba ya tsayawa, sai ya riƙa silalewa, mai aiki na ta murɗe-murɗe. Howard Vollum, wanda ya yi aikin rada a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kafa kamfanin Tektronix tare da Jack Murdock a Fotland ta jihar Oregon a Amurka a 1946. A 1947 suka fito da samfurin 511, wanda ya yaɗa dabarar da za mu iya kira kunama, irin ta bindiga. Wato ɗigon hasken ba ya tashi sai siginar ta kai wani mataki da aka zaɓa. Da haka hoto ya tsaya cik, aka kuma samu damar auna lokaci a kan gilashi. Sai dai kafin kunamar ta saki ɗigon, goshin siginar ya riga ya wuce. Saboda haka a samfuran baya aka sa wata doguwar hanya ta naɗaɗɗun wayoyi da ke jinkirta siginar da ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, ta jira ɗigon ya kama hanya. Har yau wannan dabara tana ba mu sha'awa.

Wanda muka sani mu shi ne samfurin 545, da ya fito a 1955. Nauyinsa ya kusa kilo 30, sai an ɗora shi a kan keke ake tura shi. Yana shan lantarki kamar wat 500, fankarsa na gurnani, cikin ɗan lokaci ɗaki ya ɗume. Da bazara kuwa, wannan ba abin yabo ba ne. In an kunna shi ba ya amsawa nan take, sai kwalabensa sun yi ɗumi, sannan a ji wani ɗan ƙas, kore-koren layi ya bayyana.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai yana bayan murfi. An jera kayan haɗin a kan fararen sandunan tangaram masu tsaga-tsaga, kowane a fili, kowane da lambarsa da ta dace da taswirar da ke cikin littafin na'urar. Littafin kuwa yana bayyana aikin kowane sashe filla-filla. Tsagogin nan an shafe su da azurfa, kuma dalma ta yau da kullum tana cinye azurfar in aka yawaita liƙi da ita. Maƙeran sun san mai gyara a wata ƙasa mai nisa ba lalle ne ya samu dalma mai azurfa ba. Sai suka naɗe ɗan zarenta suka maƙala a cikin na'urar. Sun ɗauka cewa wata rana wani baƙo zai buɗe, kuma sun yarda zai iya gyarawa.

Ba mu musun cewa osiloskop na zamani ya fi wancan sauri da sauƙin ɗauka, yana kuma ajiye abin da ya auna. To amma ɗalibi in ya buɗe shi, ɗan allo zai tarar da baƙaƙen ƙwayoyi da ba sa gaya masa komai, in kuma ya lalace yawanci sai dai a sauya allon dungurungum.

Shi ya sa muke roƙon masu kula da ɗakunan gwaje-gwaje, duk inda irin wannan na'ura ta rage a sito, kada a sayar wa 'yan gwangwan. A karkaɗe ta, a kai ta aji, a bi taswirar da ɗalibai sashe-sashe. Sai dai a yi hattara: kwalbar hotonta na aiki da bolt 10,000, kuma wasu sassan na riƙe lantarki bayan an kashe, don haka kada ɗalibi ya sa hannu sai malami na tsaye.