Sana'ar Shirya wa Mutane Tafiya

'Yan'uwana mata, yau ina so mu yi magana a kan wata sana'a wadda ba ta bukatar rumfa a kasuwa, ba ta kuwa bukatar jari mai yawa, watau shirya wa mutane tafiya a mota su biya ki ladan wahalarki. Kada ki ce wannan aikin maza ne. Duk macen da ta taɓa shirya kai amarya wani gari, ta ƙidaya 'yan rakiya, ta nemo mota, ta san gidan da za a sauka da abin da za a ci, to, ta riga ta san rabin aikin. Saura kawai ta yi shi da littafi da alƙalami, a kuma biya ta.

Masu bukata suna nan da dama. Akwai makarantun da ke son kai yara su ga wuraren tarihi, akwai ƙungiyoyin mata, ga kuma mutanenmu mazauna Legas ko Ingila masu zuwa hutu da 'ya'yan da ba su san ƙasar iyayensu ba. Ba hanya ce ta ɓace musu ba, gama kowane direba ya san ta. Abin da za su saya wurinki shi ne kwanciyar rai.

Bari mu ɗauki tafiya guda ta kwana biyu, daga Kano zuwa Daura, a zarce Katsina, a komo gida. Ku tashi da hantsi, ku bi ta Ɗambatta, ku ɗan tsaya a Kazaure a miƙe ƙafa a ga duwatsu, kafin azahar kun isa Daura. Can ne rijiyar Kusugu take, inda labari ya ce Bayajida ya kashe macijiyar da ke hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har ya auri sarauniya Daurama. Yanzu an kewaye rijiyar da gini. Lalle ki san labarin nan sarai, da sunayen Hausa Bakwai, domin yara za su tambaye ki, kuma abin kunya ne a ga mai jagora tana inda-inda. In kin dace tafiyar ta faɗa a watan Maulidi, sai ki nemi sanin ranar Sallar Gani, a ga hawan dawaki. Amma ki kama masauki tun da wuri, don garin cika yake yi.

Kashegari sai Katsina, tafiyar kamar sa'a guda da 'yan mintoci. Ku fara da hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa wanda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, tsawonta wajen ƙafa 50. Daga nan ku wuce tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 don horon malamai. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk a nan suka yi karatu. A 1938 aka mai da makarantar Kaduna, daga baya Zariya, ita ce Kwalejin Barewa, tsohon ginin kuwa ya zama gidan adana kayan tarihi. Ni da na fito daga makarantar horon malamai, nan ne nakan so a daɗe, 'yan makaranta su dubi ɗakunan da kyau, su ga ba girman gini ke fid da manyan mutane ba. Komowa Kano ta Kankiya da Bichi kamar kilomita 170 ne, saboda haka ku bar Katsina da an yi azahar.

To, ga inda aikin yake. Kada ki sayar wa kowa hanyar da ba ki bi da ƙafarki ba. Ki je tukuna, ke da maigidanki ko wani ɗan'uwanki, kina rubutawa: ƙarfe nawa aka tashi, ƙarfe nawa aka isa, wane masallaci ke da wurin mata, ina ake samun abinci mai tsabta, wa ke riƙe da mabuɗin wurin da za a gani. Kada ki manta da makewayi. Maza masu shirya tafiya ba safai sukan tuna da shi ba, alhali mota cike da mata da yara ba abin da ke ɓata mata tafiya kamarsa. Wurin da ke hannun fada ko hukuma, ki aika da takarda tun mako biyu kafin ranar.

Direba kuwa ki zaɓi dattijo wanda aka sani a tasha, ki dubi tayoyin motarsa da idonki, ku yi magana a kan gudu tun ba a tashi ba. Kun kuma san halin da ake ciki na 'yan bindiga a wasu sassan ƙasar Katsina. Saboda haka ba tafiyar dare, ba ratse, kuma ana gobe za a tashi ki tambayi direbobin da suka biyo hanyar a ranar. In suka ce a dakata, ki ɗage tafiyar ko da ribarki za ta tafi. Ran 'ya'yan mutane ne a hannunki.

Game da kuɗi, ki tara na mota da mai, da masauki, da abinci, da na shiga wurare, ki ƙara wani abu don ko-ta-kwana, kamar facin taya. Sa'an nan ki rubuta ladanki a layi dabam, kowa ya gani, kada ki ɓoye shi cikin kuɗin mai. A ba ki rabi tun kafin ki kama mota, ki ba da rasiɗi, ki kuma faɗi tun farko abin da za ki mayar wa wadda ta fasa. Kuɗin nan amana ne sai an dawo lafiya, kada ko kwabo ya shiga cefane ko adashi.

Ku 'yan makaranta da ke karanta wannan fili, ku ma kuna da abin yi tun yanzu. Duk tafiyar da aka yi da ku lokacin hutu, ku riƙe ƙaramin littafi, ku rubuta sunayen garuruwan da aka wuce bi da bi, da ranar da kasuwar kowanne ke ci.